Koren Ganye a Wuyan Riga

Ƙarfe bakwai na safe ake yin ƙaryar farko a gidan nan, kuma Amarya ce mai yin ta. Takan shiga ɗakin uwar mijinta da kofin shayi a hannun dama, yankakken shuɗin yadi a hannun hagu, ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta ce, "Mama, ga rigar makarantar Auta. Gobe za su fara zuwa."

Mama takan dafe ƙirji. "Gobe? Oh ni, yarinyar nan ba za ta raba ni da aikin gaggawa ba. Tana ina?"

"Ta je darasi."

"To miƙo nan."

Ko shayin ba ta shanyewa take hawa keke. Ta lashi bakin zare ta zura a allura, ta ɗora ƙafa a kan mataki, ɗaki ya ɗauki ƙara. Shekara talatin Mama ta yi tana ɗinki, kuma duk unguwar an san in riga ta fito daga hannunta ba a neman inda za a gyara. Cikin awa ɗaya da rabi ta haɗa jiki, ta sa hannuwa, ta ɗora farar kwala. Daga nan sai ta ɗauko koren zare da allurar hannu, ta juya kwalar, ta yi wani ɗan ganye a ciki wanda bai fi farcen jariri ba. Tun Auta na goye take yi mata wannan alama, lokacin suna gidan haya ana yawan musayar kayan yara a igiyar shanya.

Amarya takan karɓi rigar ta ce za ta goge. Ta fita da ita ta ɗora a kan tarin da ke cikin sito, ta tsaya a tsakar gida tana duba agogon wayarta. Minti goma sun isa. Sai ta ɗauki wani yankan ta koma.

"Mama, ga rigar makarantar Auta. Gobe za su fara zuwa."

"Gobe? Oh ni..."

Haka ake yi sau shida, wata rana sau bakwai, kafin rana ta faɗi. Ita kuwa Auta, 'yar Mama ta ƙarshe, yarinya 'yar shekara goma sha biyu, watanta bakwai ke nan a kabari.

Ranar da aka yi ruwa da iska ne Manaja, babban ɗan Mama namiji kuma mijin Amarya, ya shigo da janareto cikin lungun da ke bakin ɗakin Mama don kada ruwa ya taɓa shi, ya ja ƙofa ya rufe. Da gari ya waye aka fito da Auta daga ɗakin ba rai, aka fito da Mama da sauran numfashi. Kwana tara ta yi ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo ta gane kowa, ta kira kowa da sunan da ta saba kiransa, har mutane suka fara hamdala. Sai aka lura in ka fita ka dawo, sabuwar gaisuwa take yi maka.

Likitar da ta duba ta, wata doguwar mace mai tabarau, ta zaunar da Manaja da Amarya ta juyo musu da hoton ƙwaƙwalwar Mama. Ta nuna wurare biyu da bakin biro, ɗaya dama ɗaya hagu, can ciki wajen saitin kunne, kowanne a lanƙwashe kamar ƙaramin yatsa.

"Wannan shi muke kira hifokamfus," in ji ta. "Abin da ya same ka yau, wanda ka gani, inda kake, abin da aka ce maka, shi ne yake ɗinke su wuri guda su zama labari. Shi ne kuma yake taimaka maka ka jawo labarin in ka neme shi. Ba ya jure rashin iska, kuma hayaƙin nan ya lalata mata duka biyun. Tunda gidanku gidan ɗinki ne, ku ɗauka keke ne da zaren ƙasa ya ƙare. Allura na hawa tana sauka, amma in ka ɗaga yadin ba abin da ya kama."

"Ke nan wata rana za ta daina gane mu?" in ji Manaja.

"A'a. Abin da ya daɗe ya riga ya zauna a wasu wuraren. Abin da hannu ya saba da shi ma ba a nan yake ba, ɗinkinta yana nan. Sabon abu ne ba zai zauna ba, kuma 'yan makonnin da ke dab da hatsarin sun tafi."

Likita ta ci gaba da bayani, amma Amarya kuka ya hana ta ji, shi kuwa Manaja ya riga ya ji abin da zai ji.

A makon farko sau uku aka gaya wa Mama Auta ta rasu, sau uku tana zubewa kamar a ranar ta fara ji. Manaja ya ce daga yau kada wanda ya sake faɗa mata, kowa ya ce gaskiyarsa, har Amarya. Tunanin Mama ya tsaya cak a makon da ta sayo yadin rigar sabuwar makarantar Auta, don haka kullum ta tashi sai ta tambayi yadin. Alhali ta riga ta ɗinka rigar kwana biyu kafin hatsarin, tana nan rataye a jikin ƙusa. Sai a ɗauko a nuna mata, ta juya kwala ta ga ganyenta, ta yi dariya ta ce, "Ashe na gama! Tsufa dai ya zo." Ta koma ta kishingiɗa ta saurari rediyo. Wata guda aka yi haka, kuma ba wanda ya cutu.

Sai Anti Malama, yayar Manaja, wadda take koyarwa a wannan makarantar, ta samo wa shagon Mama aikin ɗinka rigunan ɗalibai. Manaja ne ke riƙe da shagon. Mama ce ta laƙaba masa sunan tun yana ɗan shekara goma, saboda yadda yake hakimcewa a kan benci yana ba telolinta umarni. Telolin shagon su biyu suka yi ta fama, aiki ya fi ƙarfinsu, wanda suka yi ma aka dawo da rabi. Wata safiya ya shigo gida da yanka guda daidai jikin Auta, ya ce wa Amarya, "Kai mata mu gani." Da rigar ta fito ya juya ta gaba da baya. A ranar ya cire rigar Auta ta ainihi daga jikin ƙusa, ya naɗe ta a baƙar leda, ya jefa ta can saman kabad ɗin ɗakinsu.

"In ta gan ta ba za ta yi aiki ba," in ji shi, kamar wanda yake maganar batirin mota.

Amarya ta ce, "Amma da sunan Auta? Ba ka ganin..."

"Ke, likita da bakinta ta ce ɗinkinta yana nan. So kike ta zauna ta ruɓe a ɗaki? Aikin nan ɗebe mata kewa yake yi. Kin taɓa ganin ta cikin walwala irin lokacin da take kan keke?"

Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi cin ran Amarya. Mama waƙa take yi a kan keke. Tana ɗinki tana hira da Auta wadda ba ta nan, tana cewa, "Na ƙara miki tsawo kaɗan, 'yar nema, na san ki da saurin girma." Duk rigar da ta fito daga ɗakin nan da soyayyar uwa aka ɗinka ta, shi ya sa ba ta da na biyu. Iyayen yara suka fara tambayar riga mai ganye. Manaja ya ce ai tambarin shagonsu ne, har ya sa aka zana ganyen a jikin allon shago. Wata makarantar mai irin yadin ta kawo nata aikin. Ya sayi babur, ya yi wa shago fenti.

A gida kuwa ya cire kalanda daga ɗakin Mama, ya cire madubi. Ya sa sakata a ƙofar ɗakin ta waje, wai kada ta fita ta ɓata. Cikin Amarya da ya fara fitowa ya zama matsala, don duk safiyar da Mama ta gan shi sai ta rangaɗa guɗa, ta kama hannunta, sannan ta tsaya tana ƙirga da yatsu. "To amma Amarya, ba jiya-jiya aka kawo ki ba?" Ranar da Manaja ya ji haka ya sayo wa matarsa ƙaton mayafi ya ce kada ta ƙara shiga ɗakin sai a lulluɓe.

Mama tana da ciwon suga tun da daɗewa, da can ita take kula da kanta. Yanzu ba ta san ko ta ci abinci ba, ba ta san ko ta sha magani ba. In aiki ya matso, ta ce tana jin yunwa, Manaja kan leƙo ya ce, "Haba Mama, yanzu fa kika ci. Ƙarasa wannan tukuna." Sai ta ji kunya ta ce, "Au, haka ne? To cikin nan nawa ya zama rami." Ƙafafunta suka kumbura. Gefen matakin keken ya goge mata babban yatsa na dama, ya yi ɗan ciwo, ciwon ya ƙi warkewa. Kullum sai ta duba shi da mamaki ta ce, "Yau kuma ƙafar nan ciwo take ɗan yi min."

"Gobe za mu je asibiti," in ji Manaja.

Ba a taɓa yin alkawari mai araha irin wannan ba. Ya yi shi ya fi sau sittin, kuma ba ranar da Mama ta ce masa ai jiya ma haka ka ce. In ta gaji ta jingina da bango, ya shigo ya daka mata tsawa, wani lokaci har ya fizgo kujerarta ya matso da ita jikin keke. Amarya ta taɓa tare shi a tsakar gida ta ce, "Mahaifiyarka ce fa."

"Na ce ba ita ba ce? Je ki tambaye ta yanzu ko na yi mata wani abu. Je ki mana! Abin da mutum bai sani ba ai bai same shi ba."

Anti Malama takan zo ranar hutu da lemo a leda, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaisa, ba ta shiga. Amarya ta ja ta gefe ta gaya mata zancen ƙafar da zancen tsawar. Anti ta share hawaye da gefen gyale ta ce, "Ni wallahi ba na iya kallon ta, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Amma ki duba, da a ce tana wahala ai da ta faɗa. Kuma ni na tsaya wa aikin nan a makaranta, in aka fasa da wane ido zan kalli shugaba? Ki dinga sa mata ruwan gishiri." Ta bar lemon da mai ciwon ba ta isa ta sha da yawa ba, ta tafi.

Kada a wanke Amarya, don ita ma ba ta wanke kanta ba. Bakinta ne yake faɗin ƙaryar, hannunta ne yake zura sakatar. Tana tsoron mijinta, tana tsoron a ce baƙuwar jiya ta zo raba uwa da ɗa, ga ciki ya tsufa ba ta da inda za ta nufa. Kullum takan ce wa kanta wannan aikin ne na ƙarshe. Amma akwai abin da ta fara lura da shi wanda ya hana ta sukuni. Da can in Mama ta ji ƙarar babur ɗin Manaja, ko da ba ta san yaushe ya saye shi ba, takan ɗaga kai da fara'a in ya yi sallama. Yanzu da ta ji muryarsa sai waƙa ta tsaya, kafaɗunta su haɗe, ta sunkuyar da kai a kan yadi. In ka tambaye ta me ya faru sai ta ce ba komai, kuma har ga Allah ba ta sani ba.

Wata safiyar Laraba Amarya ta kwance tsumman da ke ƙafar, wari ya buge ta har sai da ta koma da baya. Yatsan ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Ta jira babur ya fita daga layi, ta zare sakata, ta sa wa Mama silifas a ƙafa ɗaya, ta kira tasi.

Likita mai tabarau ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta kalli tafin hannun Mama da ya yi kanta, da ramukan allura a kan yatsu. Ta sa aka fita da Mama wanke ciwo, sannan ta cire tabarau ta ce, "Ke, gaya min gaskiya. Me ake yi da matar nan a gida?"

Amarya ta faɗi komai, ba ta rage ba. Da ta zo kan maganar mijinta, cewa abin da mutum bai sani ba bai same shi ba, likita ta buga tebur da tafin hannu.

"Na gaya muku tun ranar farko, ba ku saurara ba! Hifokamfus labari yake riƙewa. Tsoro da baƙin ciki da jin daɗi ba shi kaɗai ke riƙe su ba, suna da nasu wurin, kuma nata yana aiki. In kika sa ta kuka, bayan minti goma za ta manta dalili, amma ƙuncin yana nan tare da ita. In mutum ɗaya ya yi ta ƙuntata mata, jikinta zai koyi tsoronsa ko da ba ta da labari ko ɗaya a kansa. Ni da ke in aka cuce mu mun san wa ya yi, mu yi fushi, mu kai ƙara, ko mu yafe. Ita ciwon kawai aka bar mata." Ta mayar da tabarau. "Gobe da safe ku dawo da shirin kwanciya. Ban yi miki alkawarin ƙafar nan za ta tsira ba."

A hanyar dawowa mai tasi ya sauke su a bakin titi, don an haƙa kwalbati a layinsu mota ba ta shiga. Ƙarfe biyu ta yi, daidai lokacin tashin makaranta. Amarya ba ta yi wannan lissafin ba sai da ta ga titi ya cika da 'yan mata, shuɗi da farar kwala ko'ina, suna tafe suna surutu.

Fuskar Mama ta washe. "Lah, 'yan makarantar su Auta! Bari mu jira ta." Ta dogara da kafaɗar Amarya tana leƙa fuskoki. Wata siririyar yarinya ta zo wucewa kwalarta a karkace, Mama ta miƙa hannu irin na tela ta ce, "Zo nan 'yata, in gyara miki." Ta kama kwalar ta juya, sai hannunta ya tsaya.

"Wannan rigar Auta ce. Ina kika samo ta?"

Yarinyar ta ce, "Tawa ce, Iya. Babana ya saya min."

"Ga ganyena nan! Ni na yi shi da hannuna."

"Ai duk muna da shi," in ji wata daga gefe, ta juya tata kwalar tana dariya. Ta uku ma ta juya, ta huɗu ma. Yara suka taru suna nuna mata, kowacce na so a ga nata, su a ganinsu wasa ne.

Mama ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga hannuwanta ta kalle su kamar na wani. Iska ta ɗage mayafin Amarya, ta kalli cikin nan na wata takwas. Hatsarin ya ɗauke mata ajiyar tunani, bai ɗauke mata hankali ba, kuma ga komai a gabanta a lokaci guda. Muryarta ta yi ƙasa.

"Amarya, ki dubi girman Allah. Ina Auta?"

Ƙaryar tana nan a kan harshen Amarya, ta sha faɗin ta fiye da sau dubu. Ta kasa.

"Auta ta rasu, Mama. Wata bakwai ke nan."

"Waɗannan fa? Wa ya sa ni na ɗinka su?"

"Mu ne. Kullum sai mu ce miki tata ce."

Mama ba ta yi ihu ba. Ta zame a hankali ta zauna a gefen kwalbati, ta kama bakin rigar yarinyar nan siririya ta riƙe, hawaye na zuba. Wata mai sayar da ruwa ta zo ta taimaka aka ɗaga ta. Kafin su kai ƙofar gida, tafiyar da ba ta fi ta minti goma sha biyar ba da ƙafa mai ciwo, Mama ta juyo tana shessheƙa ta ce, "Amarya, me ya sa nake kuka? Wani ne ya mutu?" Har magariba tana kukan, tana tambaya.

Manaja ya dawo ya ji abin da ya faru, ya yi faɗa kamar zai tsaga gida. Da ya gaji ya ce, "To ai ga shi ta manta, me aka fasa? Saura riga ashirin a cika aikin nan. In an kai kaya ranar Asabar, ni da kaina zan kai ta asibiti."

Washegari ƙarfe bakwai ya miƙo wa Amarya yanka. Ta sa hannuwanta a baya.

"Ba zan ƙara ba."

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan ƙara ba. In kana so ka faɗa mata da bakinka."

Ya harare ta, ya wuce ɗakin Mama da yadin. Amarya ta shiga ɗakinsu ta jawo kujera, ta hau da cikinta da komai, ta lalubo baƙar ledar nan da ta yi ƙura a saman kabad. Ta iske shi tsaye a kan Mama yana cewa, "Rigar Auta ce, gobe za su fara zuwa." Mama ta takure a bakin gado, idanunta a kumbure, ta miƙa hannu za ta karɓa.

Amarya ta warware ledar ta shimfiɗa rigar a kan cinyar Mama. "Mama, ga ta nan. Kin riga kin gama."

Mama ta shafa rigar, ta juya kwala. Ta daɗe tana kallon ganyen. Sannan ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Ashe na gama. Alhamdu lillahi, don wallahi na gaji. Ban san me na yi ba, amma na gaji." Ta ture yankan da ke hannun ɗanta. "Mayar da wannan shago, Manaja, ba na bukata."

Iyakar abin da ake bukata ke nan tun farko. Riga ɗaya da magana ɗaya ta gaskiya, kuma wata shida suna saman kabad.

Ƙafar ba ta tsira ba. An yanke ta daga ƙasan gwiwa, ƙafar da ta taka keke shekara talatin ta ciyar da gidan nan, ta biya wa Anti karatun da ta zama malama, ta kafa shagon da Manaja yake taƙama da shi. Kowace safiya Mama takan yaye bargo ta ga babu, ta firgita, Amarya ta riƙe ta ta yi mata bayani a hankali, sannan ta ɗora mata rigar a cinya. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa. Manaja yana tsaye a barandar asibiti yana karɓar jaje, yana cewa ciwon suga mugun abu ne, sun yi iya ƙoƙarinsu. Anti Malama na gefensa tana gyaɗa kai. Kwana huɗu bai shiga ɗakin da aka kwantar da Mama ba.

A rana ta biyar ya shiga da ledar ayaba. Mama na zaune da rigar a cinya tana gaya wa Amarya a ajiye ta inda Auta za ta gani in ta dawo. Da ya yi sallama sai ta ja jiki ta manne da bango, hannunta ya damƙe rigar. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Mama, ya jiki?"

Can ta juyo, idanunta sun cika.

"Manaja, zan gaya maka wani abu, kada ka ji haushi. Da ka shigo yanzu sai na ji gabana ya faɗi, zuciyata ta yi baƙi ƙirin, kamar in tashi in gudu. Na duba, na duba, ban ga abin da ka taɓa yi min ba. Kai ne ɗana na fari namiji, tun kana ƙarami ba ka taɓa ɗaga min murya ba. Wace irin uwa ce za ta ji haka a kan ɗanta ba gaira ba dalili?" Ta kamo hannunsa. "Laifina ne. Ka yafe min, don Allah."

Ledar ta suɓuce daga hannunsa. Ya tashi ya fita baranda, Amarya na jin sa yana kuka irin na ƙaton da bai saba ba. Ba ta bi shi ba.

An sallamo Mama tun tuni, Amarya ta haihu, an rufe keken da tsohon zani an tura shi lungu. Manaja yakan shiga gaishe da mahaifiyarsa kowace safiya kafin ya fita, don ba yadda zai yi. Kuma kowace safiya sai ta manne da bango, ta duba ta rasa dalili, ta kama hannunsa ta roƙe shi gafara. Ita kullum karo na farko ne. Shi kuwa nasa hifokamfus ɗin lafiyarsa ƙalau, yana tuna janareto, yana tuna sakata, yana tuna baƙar leda, yana tuna na jiya da na shekaranjiya. Ƙarfe bakwai yake shiga ɗakin.